Sarewa Biyu Daga Maradi

Tsibiri, Litinin

Zuwa ga ɗiyar ƙanwata Tamara, malamar lakwal, wato makarantar boko, a unguwar Zariya, Maradi.

Bayan gaisuwa cikin sunan Ubangiji, ki lura da hannuna na rubuta wannan, gama na gama ajin yaƙi da jahilci, ni ne na biyu cikin mutum sha ɗaya. Kada ki amsa ta tarho. Magana mai nauyi takarda ta dace da ita.

Na ɗaya, sarewata ta kara ta tsage. Na biyu, saura mako uku sujadar godiyar kaka, wadda shekara talatin da ɗaya ni ke buɗe ta da busa. Na uku, dattawan ikilisiya sun ce in ban shirya ba za a ba matasa wurin da piyanonsu mai batir, kuma abin da aka ba matasa ba ya dawowa. Kin taɓa zancen wasu sarewu na roba masu sauƙin kuɗi, irin na ƙasar Ailan. Ki bincika da gaggawa.

Kawunki, Yo'el, shugaban mabusa.

Maradi, Alhamis

Kawu, ina gaisuwa, ina Inna Dinatu? Rubutu ya yi kyau, har na nuna wa ɗalibaina.

Ga biyu nan na ba Jibo direba. Abokin aikina ya ara mana, ya ce a riƙe ɗaya a mayar da ɗaya. Doguwar a miƙe ake riƙe ta, tana da baki kamar usur, ko an hura kaɗan sai ta yi kuka mai kauri, sai dai ramukanta da nisa, yatsu za su sha miƙa. Ɗayar a gicciye ake riƙe ta, leɓe ke sarrafa iskar. Kawu ya gwada a hankali.

Ɗiyarka, Tamara.

Tsibiri, Asabar

Tamara, bayan gaisuwa, ga sakamakon binciken kwana takwas.

Miƙaƙƙiyar tana da murya kamar kukan kurciya cikin rijiya, ban musa ba. Amma maƙwabcina da bai taɓa busa ba ya ɗauka ya hura, ta amsa masa. Abin da ke amsa wa kowa ba na shugaba ba ne. Alƙalin ƙwallo ne ni?

Ta gicciye ita ce ta manya, ita na zaɓa. Sai dai an ba ki mai aibi, iska kawai take fitarwa, fuu, har kaina ya yi ta juyawa. Na shirya gobe bayan sujada in gasa ƙusa in faɗaɗa ramin bakin, kamar yadda muke yi wa kara. Saura kwana takwas. Abinci ba ya shiga mini.

Yo'el.

Maradi, Asabar da la'asar

Kawu, don Allah a ajiye ƙusar! Roba ba kara ba ce, narkewa za ta yi. Na roƙi Jibo ya juyo da wannan takardar yau.

A gafarce ni. Shekaranjiya na haɗu da Inna Dinatu a Jiratawa wajen sayen tattasai. Ta ce tsohuwar sarewar tana rataye a ɗaka, ko tsaga babu. Ta ce tun da aka cire wa Kawu haƙoran gaba biyu da damina, busa ta ƙi. Ta gicciye ma haka za ta yi ta ƙi, ba aibinta ba ne. Mutanen Tsibiri ba roba za su zo kallo ba, waƙar da Kawu ya sani za su zo ji, kuma maƙwabcin nan bai san ta ba.

Tamara.

Tsibiri, Laraba

Tamara, ga ta gicciye na mayar, ƙusa ba ta taɓa ta ba. Ki gode wa mai ita.

Gyara ɗaya: haƙora uku ne.

Jiya na hura miƙaƙƙiyar bayan rumbu. Baiti biyu sun fito sumul, a na uku yatsana ya kasa rufe ramin ƙasa. Dinatu ta daina daka ta tsaya tana saurare. Na shaida wa dattawa zan tsaya ran Lahadi. Ki zo ki zauna a bencin gaba, in na kakare ki ɗaga waƙar da baki.

Kawunki, Yo'el.