Shukar Yaya a Gindin Mangwaro

Ruwan Godiya

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Binta da yara. Yaya Ikko, yaya aiki? Baba da Inna lafiya lau, hankali ne dai ba a kwance ba.

Shukar nan mai shuɗin ganye da ka kawo daga gidan Baturenku ta jawo mana magana. Na bi umarninka, tana gindin mangwaro, rana ba ta taɓa ta, har ganyenta ya yi faɗin faifai. To ka san garin nan. Ana ganin na kewaye ta da ƙaya ina ba ta ruwa safe da yamma, aka ce magani ne. Na ce ado ce kawai, aka yi mini dariya, wai wa ke shayar da abin da ba a ci?

Shekaranjiya maƙwabciyarmu Hajiya Tabawa ta tsinki ganye, ta dafa da kanwa, ta sha don ciwon ƙafarta. Tun ran nan amai take yi. An kai ta asibiti Funtuwa. Ɗiyanta maza sun zo zaure suna tambayar Baba sunan abin, ya kira ni, na ce zan rubuto maka in tambaya.

Don Allah, Yaya, ka tambayi Baturen ko guba ce, ka ba direban da ya kawo wasiƙar nan amsa. A sa Hajiya a addu'a. Ka gai da Binta.

Baba ya ajiye fartanya a gindin shukar, in guba ce zai cire ta, amsarka kawai yake jira.

Ƙanwarka,
Hinde