Sunanka a Bakin Baƙi

Paris, 6 ga Afrilu

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kuma gwiwar nan ta daina yi maka tsiya da safe. Mu nan alhamdu lillahi. Rauda tana gaishe da babanta, karatu ya sha mata kai, ba na ganinta sai in yunwa ta koro ta.

Za ka yi mamakin takarda alhali ga salula. A waya kana sa ni dariya kafin in gama faɗa, sai in manta inda na tsaya. Takarda ba ta katse mutum.

Mai gidan haya ya aiko, ƙarshen Yuli in fita. A benen nan ni kaɗai na rage wadda ke da tukunya da maƙwabtaka. Sauran ɗakunan duk an maƙala musu ɗan akwatin makulli a ƙofa, 'yan yawon buɗe ido na shiga suna fita, akwatunansu na gurzar matakala tun asuba. Alhaji Salmanu mai nama ya rufe, a shagonsa yanzu 'yar hasumiyar Paris ta roba ake sayar wa baƙi. Jiya a kasuwar Barbès wata ta ɗauki hotona ina zaɓen kuɓewa, ko sallama babu. Na tambaye ta ko a garinsu ba a cin abinci.

Ka ce in nemi canjin aiki zuwa ɗakin karatu na Lyon, mu zauna wuri ɗaya tunda rabuwar ta isa haka. Na nema, da alama za su ba ni. Har na fara ɗaure littattafai, sai Rauda ta nuna mini wani bidiyo.

Da masana'antar Saint-Fons ta sallame ku, ka ce mini ka samu aiki a kamfanin yawon buɗe ido. Na ɗauka aikin tebur ne. Ashe tabarma ce a tsakar gidan da kake haya, ka sa rigar da na ba da aka yi maka aikinta a Damagaram, kana dafa wa turis shayi. Shayin bai dame ni ba, nema ba abin kunya ba ne. Labarin da kake ba su shi ya tsaya mini a wuya. Labarin littafin da ka kawo mini ranar da ka zo zance a maimakon turare, naɗe cikin takardar tsire har mai ya ɓata shafin farko! Ko Rauda ban taɓa ba ta wannan labari ba. A bidiyo ta ji shi, tare da dubban mutanen da ba su san inda Damagaram take ba.

Na ga mai jan gashin nan da ke dariya tana dafa maka kafaɗa. Kada kanka ya kumbura, ba ita nake kishi ba. Da mace ɗaya ce da na san ta inda zan ɓullo mata. Kai kuwa kullum motoci ne ke sauke maka sababbi.

Ina jiran amsa a rubuce. Allah ya tsare.

Taka,
Raliatou

Paris, 28 ga Afrilu

Malam,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, don fushi bai hana ni tarbiyya ba. Amsarka ta zo. Ka ce wasa ne, in zo in gani da idona zan huce. To na zo. Ranar Asabar ina Lyon, ba ka sani ba.

Na sayi tikiti kamar kowa, na bi ayarin wani yaro mai suna Yanis da ke ɗaga jar lema. Ya shigar da mu lungun nan naku da ke ratsa cikin gidajen mutane, wanda masu alharini na da ke bi da kayansu don kada ruwa ya taɓa su. Na karanta tarihinsa tun kafin a haifi Yanis, amma na bar shi ya ƙarasa shirmensa. A bakin ƙofa akwai allo da ke roƙon a yi shiru saboda mazauna. Wani ya karanta wa 'yan uwansa shi da ƙarfi, suka yi dariya. Bangon matakala ya yi baƙi da shafar hannu. Tsohuwar rijiyar tsakar gida ta cika da robobin ruwa. Wata tsohuwa a sama ta leƙo, ta ja tagarta ta rufe, aka ɗauki hoton tagar. Na tsaya ina duban igiyar shanya, ina tunanin nan ne kake so in shanya zannuwana.

Sai ga ka a kan tabarma. Ka yi kyau, Allah ya sani, kuma hakan ya ƙara mini haushi. Ina can baya da baƙar riga, ba ka ɗago ba. Ka yi shayi, ka ba da labarin littafi, na daure. Sannan ka zo inda bidiyon bai nuna ba. Ka ce musu a ƙasarku mace ba ta faɗin sunan mijinta, kuma taka matar tun da kuka yi aure ba ta taɓa faɗa ba. Ka marairaice fuska ka ce ka yi kewar sunanka, su taimaka su faɗa maka shi. Suka haɗa baki suka faɗa. Ka sa hannu a kunne wai ba ka ji ba, suka sake da ƙarfi har tantabaru suka tashi.

Malam, sunan nan na fi shekara ashirin ina riƙe da shi a bakina ban bar shi ya fito ba. Ba jahilci ya sa ba. Na karanta abin da masana suka rubuta kan al'adar, da masu cewa danniya ce da masu cewa ladabi ne, na auna, na zaɓa da kaina. Na ajiye shi yadda ake ajiye zinariya a ƙasan adaka, don abin da ya fi daraja ba a fito da shi kullum. Ko a asibiti ranar haihuwar Rauda, da suka tambaye ni, rubuta musu na yi. Sai ga shi a bakin mutanen da ba su iya ma furta shi ba, suna taunarsa kamar cingam.

Da aka tashi na matso in yi maka magana. Na ce Malam. Na sake cewa Malam. Suna kewaye da kai kowa na kiranka da suna, kana waiwayawa kana amsawa. Ni kaɗai a tsakar gidan nan ba ni da abin da zan kira ka da shi ka juyo. Yanis ya taɓa ni a hannu ya ce in bi layi in ina son hoto da kai.

Na fita, na hau jirgin ƙasa na yamma. Ban yi kuka ba sai da muka wuce gonaki.

Matarka,
Raliatou

Paris, 15 ga Mayu

Malam,

Ina gaishe ka. Na ji ka yi mura, ka sha citta, ka daina zama a sanyin dutse.

Na karanta haƙurin da ka ba ni, har zuciyata ta fara sanyi. Da ka tsaya a shafin farko da ka tsira. Sai ka juya takarda ka ce mai kamfanin ya ji labarin zuwana ya yi murna, yana so in na dawo Lyon in riƙa zama a gefenka ranar Asabar, baƙi su yi ta dabara ko za su sa in faɗi sunan, wanda ya ci a ba shi kyauta. Har ka ce zai ba mu babban ɗaki a gidan. Ba ka ji kunya ba da kake rubutawa?

A aikina na sha ɗauko wa ɗalibai hotunan zamanin da aka kawo mutanenmu Paris aka zaunar da su cikin bukkoki bayan shinge, ana biya a kalle su suna daka. Su an kawo su ne. Kai da ƙafarka ka je, yanzu kuma kana gyara wa matarka wuri.

Takardar canjin aiki ta fito, tana kan tebur ban sa hannu ba. Hajiya Ameena ta ce akwai ɗaki a wurinta a Montreuil, kuma zan karɓa in ba ka bar tabarmar nan ba. Ba zan zauna a gidan da ƙofarsa ke buɗe wa duk wanda ya sauko daga mota ba, ba kuma zan yi tarayyar miji da duniya ba. Su suna da garuruwa da yawa da za su je gobe. Ni kai kaɗai gare ni. Ka zaɓa kafin watan nan ya ƙare.

Raliatou

Paris, 20 ga Yuni

Malam,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwa tana jure tsayuwar sabon aiki. Na san gadin sito a Saint-Fons bai kai shayi daɗi ba, babu mai tafa maka, kuma albashin ya ragu. Na san abin da ka bari. Ba zan yi maka godiya a takarda ba, sai na zo.

Hoton sabon ɗakin da ka kama mana ya iso. Hawa na huɗu, taga na kallon bututun hayaƙi, babu abin da wani zai so ya ɗauka. Ya yi mini. Na sa hannu a takardar.

Amma ka ji wani abin takaici. Rauda ta sake kawo mini bidiyo. Yanis ne a kan tabarmarka, yaron da ko gemu bai gama fito masa ba, ya sa wata riga ta kanti, yana ba da labarin yadda ya kai wa matarsa littafi cikin takardar tsire. An ƙara raƙumi a ciki. Matar tasa wai ba ta faɗin sunansa, su taimaka masa. Ga shi yanzu ina da miji biyu a Lyon, kuma na biyun ya fi ka masu kallo. Na rubuta wa kamfanin, suka amsa da ladabi cewa labarin gargajiya ne, ba na kowa ba. Ka gani? Ka fitar da shi, ba zai komo ba. Wannan kam ban yafe ba tukuna, kuma za ka ji sauran a gida.

Jirgina zai iso tashar Part-Dieu ranar Lahadi bayan azahar. Lokacin hutu ne, tashar za ta cika maƙil da su da akwatunansu. Ka zo da wuri, ka tsaya inda zan gan ka, ka buɗe ido da kyau, don ba zan kira ka ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Raliatou