Ƙullutun da Inna Ta Hana a Taɓa

Daren Laraba, Gidan Dahala

Yau ma na kasa kwantawa rigingine saboda ƙullutun nan na bayan wuyana. Ya kai ƙwan kaza yanzu. Likita ya sake gaya mini kitse ne kawai ya taru, ba ciwon daji ba ne. Ya ce in zo gobe ƙarfe takwas a cire, a ranar zan koma gida.

Da la'asar na je na faɗa wa Inna, har da murnata. Tana tsintar shinkafa, sai ta ajiye faifan.

Ta ce, "Haka sunka ce ma babanka, ɗan aiki na. Kwana nawa ya ƙara bayan nan?"

Na ce, "Inna, nasa ciwon daban ne."

Ta ce, "Wanga abu bai son ƙarhe, Bello. In ka bari anka taɓa shi, ban yahe ba."

Shi ke nan.

Ni da nake koyar da kimiyya a sakandare! Da na juya ga allo sai in ji dariya ƙasa-ƙasa, na kuma san abin da suke kallo. Raina a ɓace yake, amma da wa zan yi faɗa? Tsohuwar tsoro take ji, ni kaɗai ne namijin da ya rage mata.

Katin asibitin yana aljihuna, na ciro shi ya fi sau goma. Na dai san inda za ni gobe ƙarfe takwas. Wurin tela, ya ƙara wa rigunana faɗin wuya.