Duron Sadakar Yaya Lawal

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Yaya Lawal.

Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙanwa ke yi wa babban wanta, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa, ya yalwata maka makwanci. Ƙanwarka Rabi ce, wadda ke aure a Dutsi. Na san wasiƙa ba ta shiga kabari. Na rubuta ta a fili ne don masu yawo da sunana a unguwarmu ta Daura su ma su karanta, tunda abin da ake ta yaɗawa shi ne na yanke wa mamaci sadakarsa.

Ba ƙarya suka yi ba. Ni na ɗauke duron ruwan da aka girke a ƙofar gidanmu da sunanka. Kuma wallahi ko yau aka mayar da shi, gobe zan sake ɗaukewa. Amma kai ya kamata ka fara jin dalili, don kai ka jawo.

Ka tuna lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, dattawan unguwa suka zo suka danna wa gidan kallonka kwaɗo? Baffa Iro, ƙanen Babanmu, shi ne a gaba yana gyara zaman hula. Ba ka ja da su ba. Ka kwaso talabijin da bidiyo da buhun kaset-kaset ka jibge a rumfar Inna. Daga nan duk sanda aka kawo wuta da rana, mu ne 'yan kallonka, kai ne mai fassara.

A duk buhun nan akwai kaset ɗin da ka fi so, har ya fara cin zare. Wani tsohon fim ne na Turawa, ba kala, kowa da malafa. Sun gwada bam ɗin ƙare dangi a cikin hamada, suka ce wa makiyayan wurin su koma gida, babu komai. Damina na zagayowa tumaki suka fara haihuwar 'ya'ya babu ido. Duk wanda ya sha ruwan rijiyar garin, sai jikinsa ya riƙa haske kamar ƙwan fitila kafin ya faɗi. Akwai wani siririn mutum mai yawo da ɗan akwati, in ya kusanci dafin bam ɗin sai akwatin ya kama ƙar-ƙar-ƙar. Babu wanda ya saurare shi har garin ya ƙare.

Mu dariya muke yi in mutanen suka fara haske. Kai ba ka taɓa dariya ba. Sai ka tsayar da kaset ka ce mana, "Hasken nan ƙaryar masu fim ce. Na gaskiyar ba ya haske, ba ya wari, ba ya ɗaci." Ka kuma nuna mana wata alama mai kama da fanka mai fuka-fuki uku da aka manna a jikin kayan sojojin, ka ce duk inda muka gan ta mu yi ta kanmu.

Sau ɗaya Baffa Iro ya shigo muna kallo. Idonsa bai sauka ko'ina ba sai kan wata Baturiya da kanta a buɗe. Ya yi a'uzubillahi, ya tofar da yawu a tsakar gidan Inna, ya fice. Ni ban ƙi Shari'a ba, wace ce ni? Abin da ke tayar mini da zuciya shi ne mutumin da zai hango gashin mace daga zaure, amma gari guda na mutuwa a gabansa bai tsaya ya tambayi me ke kashe su ba.

Da zaman banza ya ishe ka, ka bi 'yan Mashi masu shiga Nijar, ka kama sana'ar gwangwan. Ka yi arewa sosai, har garin da ake haƙar yuraniyom, ƙasar da kai da bakinka ka ce mana da ita ake haɗa bam ɗin. Kana sayen tsofaffin ƙarafan da masu haƙar suka watsar a bayan shingen waya, kana kawo wa maƙera. Tafiyarka ta ƙarshe ka dawo da tari, da ramar da ta sa ban gane ka ba, da wani duro mai kauri da ka jingine a bayan zaure.

Ba zan ba ka labarin jinyarka ba, kai ka sha ta. Asibiti suka yi ta gwaji ba su ba mu sunan ciwon ba. Wasu suka ce sammu, wasu suka ce iska. Baffa ya ce ajali, kuma na yarda, kowa da ranarsa.

Bayan sadakar arba'in aka zauna a kan abin da za a yi maka na sadaka mai gudana. Ka san al'adarmu, a ajiye ruwa a ƙofar gida, duk mai wucewa ya sha, lada ya riƙa iske mamaci. Baffa ya ce ai ga duronka nan, me ya fi abin da mutum ya nema da guminsa? Ya sa aka shafe shi da koren fenti, aka rubuta fi sabilillahi da farin fenti, aka ɗaura moɗa da igiya. Ya tsaya a gefensa yana karɓar yabo kamar rijiya ya haƙa. Ni ma na yi murna a lokacin, ban san komai ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da ba ka taɓa gani ba a rayuwarka. Kai ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunanka ba, ba ta taɓa yi maka wasa a gaban mutane ba. "Wancan yaron" take cewa, har ka yi gemu. Ranar da aka fita da kai ma hawayenta a ɗaki ta yi shi, saboda alkunya. To Yaya, duk son da ta ɓoye maka tun kana goye, a kan duron nan ta sauke shi. Da hantsi ita ke wanke shi da hannunta, ba ta yarda kowa ya taɓa. Ita ke sa a cika. Kuma ita ke shan moɗar farko kullum, ta ce tubarraki.

Da damina biyu ta daki fentin Baffa, sai ya fara ɓarewa. Na zo ganin gida, na tsaya shan ruwa, moɗa ta suɓuce ta faɗa ta bayan duron. Na sunkuya zan ɗauko. A nan na gan ta, ta ɓangaren da ke kallon bango, fanka mai fuka-fuki uku. Ruwan da ke bakina na fesar, na yi ta kakarin amai a bakin kwata. Na leƙa cikin duron, can ƙasa a bakin walda akwai wani rawayan abu da ya daskare, duk wankin Inna bai fitar da shi ba.

A nan ne nake jin haushinka, Yaya, Allah ya yafe mini. Kai da ka haddace fim ɗin nan kamar karatun allo. Kai da ka koya mana alamar. Ka ɗauko abin tun daga hamada ka kawo gidan uwarka? Ka ce za ka sayar ne ciwo ya riga ka? To wa za ka sayar wa, ba ɗan wani ba ne? Na tambayi wanda ya taya ka sauke kaya, ya ce kai da kanka ka juya wancan ɓangaren ya kalli bango. Ke nan ka gani.

Su kuwa waɗanda suka watsar da irin wannan a bola don talaka ya tsinta, Allah wadaransu. Su suka yi fim suna gargaɗin duniya, su kuma suka ga bai dace su ƙazantar da ƙasarsu ba sai tamu. Tir da wannan hali.

Na je wa Baffa da maganar cikin ladabi, na durƙusa har ƙasa. Ya ce ashe har yanzu shaiɗancin gidan kallo bai fita daga kaina ba. Ya kamfaci ruwan ya ɗaga moɗa yana nuna wa mutanen da ke zaune, garau, ya shanye. Ya ce tunda aka ajiye wa ya faɗi ya mutu? Na ce a raina, ai shi ne abin da Yaya ya faɗa. Mu mutanen Daura, da tarihinmu ya fara da rijiyar da mugun abu ya kwanta a ciki, mu ne za a koya wa tsoron ruwa? Wancan aƙalla maciji ne, ana ganinsa.

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, ba ni da akwatin nan mai ƙar-ƙar-ƙar, kuma ban san mai shi ba a duk ƙasar Daura. Ban san ko duron ne ya ci ka ba. Ban san ko ciwon bayan da Inna ke kuka da shi tsufa ne ba. Abin da na sani, 'yan makaranta na sha, masu dawowa daga gona na sha, uwata na sha. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Na gwada yi wa Inna bayani. Na ce dafi, ta ce ta wanke. Na ce ba ya wankuwa, ta ce babu abin da toka da soso ba sa fitarwa. Da na matsa, ta ce in fita harkar sadakar wancan yaron in ina son albarkarta.

Ranar da ta tafi suna Mashi, na zo da maigidana da amalanken shanu, da rana tsaka, kowa na kallo. Muka tuntsurar da ruwan, muka fasa gindin duron da diga don kada wani ya sake mora. Ban kai wa 'yan gwangwan ba, don na san tukunyar tuwon wata zai zama. Muka kai shi wani tudu mai tsakuwa, nesa da rijiya da gonar kowa, muka haƙa rami mai zurfi muka binne. A gurbinsa na girke sabuwar randa ta yumɓu, da murfi, da sabuwar moɗa.

Baffa ya bi masallatai da sunana. Wannan bai hana ni cin tuwo ba.

Damuwata Inna ce. Da ta dawo ba ta yi faɗa ba, ba ta zage ni ba. Na yi ta zuwa gaishe ta tana amsawa da ka. Sai ranar Juma'ar nan da ta wuce, ina tsugune ina ɗaure mata ƙullin daddawa, ta kama hannuna. Ka san mu mata ba ma bin gawa, ba ta taɓa ganin inda aka sa ka ba. Ta dube ni ta ce, "Rabi, ina kika kai mini Lawal?"

Yaya, ta faɗi sunanka. Da kunnena na ji.

Kuma ban gaya mata ba. In na faɗa, gobe Baffa zai tura a tono, a liƙe gindin, a sake fenti. Na zauna a gabanta muna kuka mu biyu. Ta saki hannuna. Har na fito ba ta sa mini albarka ba, abin da ba ta taɓa fasawa ba tun ranar da aka kai ni ɗaki.

Randa na nan, mutane na sha, ladanka bai yanke ba in Allah ya so. Inna kaɗai ce ba ta taɓa ɗaga murfinta ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka wanda ka sani da wanda ba ka sani ba, ya hana duron nan zama hujja a kanka. Allah ya ba Inna lafiya da tsawon rai, ko da fushi take da ni. In kuma Allah ya ba ka iko ka zo mata a mafarki, don girman Allah ka zaunar da ita ka yi mata bayani yadda kake yi mana a rumfa. Ni na kasa. Kai ne mai fassara.

Wassalam.

Ƙanwarka mai kewarka, mai jin haushinka,
Rabi