Ƙarar da Ba Ta Cikin Ordinatarki

Zuwa ga Tahira, sanyin idona, inuwar gawo a tsakiyar rani, ruwan randa bayan doguwar tafiya, wadda muryarta ta fi mini kukan kurciya a lambunan Jiratawa. Ina gaishe ki gaisuwar wanda zuciyarsa ta yi nauyi, tare da fatan kina lafiya, ke da su Inna da yaran ajinki.

Bayan haka, ga ordinatarki nan, kwamfutar da kika bar mini, na aiko ta hannun Maman Lawali, abokin aikina, kwana goma sha ɗaya bayan ranar da na yi miki alkawari. Na san kin yi fushi, kuma kina da gaskiya. Amma kafin ki buɗe ta, ki karanta takardar nan, don abin da ke cikinta ya fi ƙarfin bakina.

Kin tuna ranar da kika kawo ta shagona a Sabon Gari? Ba gyara kika zo ba. Cewa kika yi in kwafe miki karatun da kika ɗauka da muryarki saboda yaran ajinki na lakwal. Na ja ƙofa don hayaniyar 'yan kabu-kabu, na kunna, na kara kunne. Muryarki ta fito garau tana jan baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, amma a ƙarƙashinta akwai wata siririyar ƙara mai kama da kukan gyare. Na ce lasifikarki na da ciwo. Kika ce ke ba ki ji komai ba. Ni kuwa da girman kan mai sana'a na yi dariya, na ce wadda ke wuni cikin yara saba'in ina ta ga sauran kunne? Kika harare ni, sannan kika rufe baki da gefen mayafi kina murmushi. Wayyo Tahira, da na san abin da nake yi wa dariya!

Ya hasken raina, wace hanya ce ban bi ba? Ke kin san ni, ba na kama na'ura da ka. Daga waje nake farawa, in cire abin zargi ɗaya-ɗaya har mai laifi ya rage shi kaɗai. Na zare sharja, don sau da yawa ita ce ke kawo gurnani daga wutar kuran. Ƙara tana nan. Na kai salulata can bakin ƙofa kada ta shiga hurumin lasifika, tana nan. Na rage sauti, na kashe makirfo, na goge manhajar sauti na sake zuba sabuwa. Na sa abin ji a kunne, sai ma ta ƙara matsowa kusa. A lokacin ya kamata in gane, amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na kwance bayanta, na bi siririyar wayar lasifika da ido da yatsa, na duba fatarta ko ta tsage. Babu tsaga. Duk da haka na cire lafiyayyun lasifikokinki na sa wasu, ina ta zagin wanda ya ƙera su.

Ran Larabar makon jiya da azahar kuran ya ɗauke, layinmu ya yi tsit kafin a tada injuna. Ordinatarki tana kwance a buɗe a kan tebur, batirinta a hannuna na dama, babu ko ɗigon wuta a jikinta. Gyaren nan kuwa yana ta kuka. Na kira Maman Lawali na ce ya saurara. Ya saurara, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Tahira, ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. Ashe mai laifin da ya rage shi kaɗai ni ne.

Na je asibiti wurin lokotoron kunne. Ya tambaye ni aikin da na yi a baya, na faɗa masa shekara bakwai na yi a gindin injin niƙan mahaifina a Tsibiri, sannan shekara shida ina tsaye jikin manyan lasifikoki a gidajen biki. Ya ce kunnen dama ya kusa tafiya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na hagu yana nan tukuna, amma shi ma ya ɗauki hanya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Da can in na koma gida Tsibiri na ji ƙarar nan, cewa nake ƙwarin gonakin hatsi ne. A Maraɗi kuma hayaniya ce ke rufa mini asiri.

Kin san jibi Juma'a ne Kawu Nomau zai jagoranci magabatana su kai goro wurin Babanki, su nema mini aurenki. Jiya na je na ce su dakata. Kawu ya yi faɗa ƙwarai. Ya ce in yi shiru har a ɗaura, wai mace in ta shiga ɗaki haƙuri take koya. Amma ni ban taɓa miƙa wa mutum na'ura na ɓoye masa ciwonta ba. Da ke zan fara, ya abar ƙaunata?

To ga abin da za ki saya, in kin saya. Miji wanda sana'arsa kunne ce, kunnen kuma yana barinsa. Miji wanda wata rana za ki yi sallama sau uku bai juyo ba, jaririnki ya tsala kuka a gefensa yana ta sharar barci. Ke da kike magana ƙasa-ƙasa don kunya, har sai na matso nake jin ki a ƙofar gidanku, yaya za ki yi da mai bukatar a ɗaga masa murya a gaban mutane? Ina son ki, Tahira, son da ya hana ni cin abinci tun waccan Laraba. Ba mutuwa nake tsoro ba. Tsorona ranar da zan ga leɓɓanki suna kiran sunana, in ji gyare kawai.

Ba zan roƙe ki tausayi ba, don auren tausayi ba ya kai damina biyu. Gaskiya nake roƙo. In amsarki a'a ce, ki naɗe takardar nan ki ba Maman Lawali ya dawo mini da ita. Zan gane, kuma bakina ba zai taɓa ambaton ki da sharri ba. In kuwa kin yarda, kada ki rubuto, kada ki aiko kowa. Ki zo da kanki, ki tsaya ta hagu da ni, ki faɗa da muryar nan da kike tsawata wa yaran aji, ba ta zance ba. Kada ki daɗe, don lokotoro bai faɗa mini yawan kwanakin da suka rage wa kunnen nan ba.

Na mayar miki da lasifikokinki na asali. Ordinatarki lafiyarta lau, tun ranar farko ke ce mai gaskiya.

Naki har ƙasa ta rufe idona, da ji ko babu ji,

Zakariya'u
Sabon Gari, Maraɗi