Lambar Golf da Gonar Bayan Gida

Tafoki,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga yayan Shafa'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hamida da yara. Mu nan ƙanwarka Shafa'atu lafiya lau take, ita da mijinta Muttaka, ɗansu Jabiru ne haƙori ke wahalarwa. Ni gwiwar nan ce dai, in na durƙusa sai an kama ni. Baffanka Malam Badamasi kuwa lafiyarsa ta fi ta kowa, har ta yi mani yawa.

Na ɗauki biro ne don waya ba ka ɗauka. Kullum sai ka ce a filin ƙwallon golf ba a son ƙarar waya. To ga rubutun yaƙi da jahilci, ka yi haƙuri da karkatattun layuka, da furfura na koya.

Shafa'atu ta nuna mani hoton katin da kulob ɗinku na Kaduna ya ba ka. Ta ce sai da ka yi ta zagaya fili, wani na biye da kai yana shaidar kowane bugu, kafin su yanka maka lamba ashirin da huɗu, kuma da ita za ka fara shiga gasa. Na tambayi abin da ake ci a gasar, ta ce kofi, don ku ba sana'arku ba ce. Kofi! Ga su nan cike da kwando a ɗakina. Duk da haka uwa ba ta ganin ɗanta da abu ta ƙi sa albarka. Na soya waina na kai wa Liman sadaka, na roƙe shi ya yi addu'a Allah Ya ƙara maka lamba, ta ninka ta abokanka.

Yanzu ga abin da ya zaunar da ni. Gonar bayan gida ce, wadda marigayi mahaifinku ya ba baffanka aro da ciwo ya kwantar da shi. Ka san gonakinmu na daji yanzu ba mai taka su. Ita kaɗai ta rage da mutum zai noma ya dawo gida da ransa. Muttaka ya ce zai noma mani ita, in huta da awon masara da tiya kamar baƙuwa. Ka kuma san al'adarmu: wanda ya baza takinsa a gonar aro, ba a karɓe ta sai takin ya gama aiki, damina uku ke nan. Baffanka ya fara tara taki. Na je wurin Mai unguwa, ya ce magaji namiji ne zai tsaya da ƙafarsa ya ce ya karɓi gonar ubansa. Ka zo.

Ka gaida Hamida. Ni ce innarku,
Mero.

Tafoki,
Ranar Laraba.

Zuwa ga yayan Shafa'atu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Haƙorin Jabiru ya fito, gwiwa na nan yadda take, sai kunya da ta ƙaru mani a kai.

Saƙonka ya iso ta wayar Shafa'atu. Na ji lambarka ta hau zuwa ashirin da bakwai, har na rangaɗa guɗa, maƙwabta suka leƙo. Ina juyowa na ga Shafa'atu ta kwanta a tabarma tana dariya. Sai ta yi mani bayani cewa a wasan naku ƙaramar lamba ita ce ta gwanaye, babbar kuwa rangwame ce da ake yi wa mai rauni, a rage mashi bugu don ya iya karawa da manya. Ashe kuka kake yi ni ina guɗa.

To laifin wa? A garin nan wa ya taɓa roƙon Allah Ya rage mashi abu? Buhu a ƙara, shanu a ƙara, 'ya'ya a ƙara. Ku ne kuka je kuka samo wasan da ake murna da raguwa, kuma ba ka faɗa mani ba. Sai da na koma wurin Liman na ce a juya addu'ar. Ya dube ni ya ce, Hajiya Mero, shi tun da yake ba a taɓa dawo mashi da addu'a don ta karɓu ba. Yanzu duk Tafoki an ji. Matan da muke karatu tare in sun gan ni sai su ce, uwar mai lamba, yau hawa muke roƙo ko sauka?

Wannan duk mai sauƙi ne. Baffanka ya jibge taki a bakin gona, amalanke na ta kai da kawowa. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Mai unguwa ya yanke cewa in ba ka zo ran Asabar ta sama ba, a baza. Kai kuma ka aiko cewa ranar ce gasarka ta farko, ka riga ka sa suna, wai a kira ka ta waya ka yi magana da dattawa. Kai da ba ka ɗaukar waya! Kulob ɗinku bai yarda da bugunka ba sai da mutum ya tsaya ya gani da idonsa, amma gonar ubanka kake so a karɓa da murya. Baffanka yana zaune a dakalin masallaci yana gaya wa mutane cewa ɗan da ke bin ƙwallo mai girman ƙwan zabo a cikin ciyawar da ko akuya ba a bari ta ci, me zai yi da gona? 

Ni ce innarku,
Mero.

Tafoki,
Ranar Litinin.

Zuwa ga yayan Shafa'atu,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, sai baffanka da ya daina amsa gaisuwata.

Da na ji shiru daga wurinka, na ja gwiwata na koma ƙofar Mai unguwa. Baffanka na wurin. Kafin in buɗe baki Mai unguwa ya fara tsokanata, wai in koya mashi wasan nan da na kusa kayar da ɗana da addu'a. Na ce zan koya mashi. Na ce a can, in aka haɗa mai ƙarfi da mai rauni, ba a cewa su kara haka nan, sai an yi wa mai raunin rangwame. Na ce ranka ya daɗe, ga Malam Badamasi da amalanke da shanun huɗa da 'ya'ya maza, ga ni da gwiwa ɗaya da ɗan da ke Kaduna. Ni lambata nawa ce?

Dattawa suka yi ta dariya. Baffanka ya ce wannan shirmen 'yan birni ne, ba a kawo shi cikin maganar gona. Mai unguwa ya ce shirme ne mai kama da adalci. Ya ɗage ranar daga Asabar zuwa Juma'ar da ke biye da ita, bayan an sauko daga masallaci. Ya ce daga nan ba ƙari, ko ruwa ya sauka ko bai sauka ba.

To ka ji. Na samo maka rangwame a ƙofar Mai unguwa, da bakina, a gaban maza. Je ka yi gasarka ran Asabar, Allah Ya rage maka duk abin da kake so a rage. Kofin in ka ci ka taho da shi, in auna irin shuka.

Kai ne ɗana na fari, ka san tun da na haife ka bakina bai taɓa kiran sunanka ba. Malamarmu ta sha cewa in rubuta sunayen 'ya'yana a allo, ni kuwa sai in rubuta na kowa in tsallake naka. Yau na rufe ƙofa na rubuta.

Lawwali, ka zo.

Ka ba direban da ke zuwa kasuwar Yankara amsa a rubuce, ta iso ni kafin Larabar makon gobe, in san abin da zan gaya wa Muttaka game da iri.

Ni ce wadda ta haife ka,
Mero.