Bargon Rigunan Mijina, Sunan 'Yata A Ƙasa

Mama Vernice, ki taimake ni kafin in aikata abin da ba ya gyaruwa. Kwana tara ke nan ina yawo da wata wasiƙa a jaka, har kan sarki na manna mata, na kasa aikawa, na kasa yagawa.

Shekarata sittin da uku. Shekara talatin da ɗaya na yi ina ɗinkin bargo a ɗakin ƙasa na cocinmu da ke Orange Mound, nan Memphis. Idan an yi rasuwa, dangi su kawo mana tufafin mamacin, mu yanka, mu harhaɗa, mu mayar musu da bargo su riƙa rufa. Haka uwata ta yi a Mississippi. Ƙa'idarmu ba ta canza ba: ba a sa suna a jikin bargo, ba a ɗaukar hotonsa. Aikin Allah ne, tufafin matattu kuma ba kayan nuni ba ne. A kan haka na tarbiyyantar da 'yata Renita, kuma ban taɓa sassauta mata ba.

Bara wata gidauniya ta sanar da tallafi ga masu fasahar unguwa da ke yi wa baƙar fata hidima. Renita ta nema ta samu, dala dubu ashirin da biyar, don ta koya wa 'yan mata goma sha biyu ɗinki. Ranar Lahadi fasto ya kira ta gaba, aka miƙe ana tafi. Ni ma na miƙe, don idanu na kaina. 'Yar'uwa Earlene da ke gefena ta zungure ni ta ce, "Saki fuskar mana, ko takalmin ne ya matse ki?" Na ce ta kula da littafin waƙarta.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, ni ma na nema. A ɓoye na je ɗakin karatu na cike fom ɗin. Inda aka ce in faɗi nasarorina na rubuta, "Ɗaukaka ta Ubangiji ce." Wurin hotuna na bar shi fanko. Na kuma bayyana musu cewa ni ba mai fasaha ba ce, tsohuwar mai dafa abinci ce a firamare. Amsa ta zo layi uku, suna godiya, ban samu ba.

Ita kuwa hotuna biyar ta aika, har da na bargon da muka yi da rigunan aikin marigayi mijina Cleophus, direban bas. Ni na tsara, ni na yanka, ni na zaɓi inda aljihun rigar zai zauna. Ita ta yi ɗinkin sama, ban musa ba, tana yi tana kuka. Amma wa ya koya mata riƙe allura? Har gobe kusurwoyin ɗinkinta ba sa haɗuwa daidai. Wannan hoton ne aka manna a tagar ɗakin karatu, sunanta a ƙasa, ita kaɗai.

Makon jiya ta zo mini da kek ɗin dankali mai zaƙi a faranti, ta ce, "Mama, Asabar za mu buɗe aji. Ki zo ki koyar, na sa ki cikin waɗanda za a biya." Na ce, "Wato yanzu ni ce 'yar aikinki? Je ki, sarauniyar fasaha, hoton ya koyar da su." Ta ajiye farantin ta fita. Ba ta sake kira ba.

Wasiƙar nan da ke jakata, ga gidauniyar zan aika ta. Na rubuta musu cewa bargon ba aikinta ba ne ita kaɗai. Na san za su iya janye tallafin. Ina gaya wa kaina gaskiya nake karewa, don yaran yanzu komai sai sun nuna wa duniya, har rigar ubansu. Amma duk lokacin da na wuce tagar nan, sai in kau da kai. Anya uwa tana kishin 'yarta? In aika?

Mai Allura, Memphis

*

'Yar'uwa Mai Allura,

Kada ki aika. Ki fitar da ita daga jaka yau ɗin nan ki yayyaga, kafin wata rana ki wuce akwatin gidan waya ranki a ɓace.

Kin tambaya ko uwa tana kishin 'yarta. Tana yi, kuma kina yi. Da ƙa'idar coci ce kaɗai ta dame ki, da ba ki cike fom ɗin ba. Kin so a ga aikinki bayan shekara talatin da ɗaya, ni kuwa ban ga laifin wannan ba. Sai dai kin aika wa mutanen da ba su taɓa sauka ɗakinku ba takarda babu hoto, kika ce musu ke ba mai fasaha ba ce, suka yarda da ke. Ba Renita suka fifita a kanki ba. Ke ce ba su gani ba sam.

Renita ma tana da nata laifin. Ya kamata ta nemi izininki kafin ta aika hoton, kuma ya kamata sunanki ya fito a tagar nan. Ki faɗa mata haka a ɗakin girkinki, ba a gaban baƙi ba. Amma ki tuna rigunan mijinki rigunan ubanta ne, kuma ba ki karanta abin da ta rubuta musu ba. Ki nemi ta nuna miki. Idan aka janye tallafin, 'yan mata goma sha biyu ne za su rasa aji. Ita kuma ba sai an gaya mata wa ya rubuta ba, domin mutum biyu ne kawai suka san wa ya yanka rigunan.

Ga mai wuyar: ki gaya mata kin nema kin rasa. Ta ga uwarta tana hukunci shekara da shekaru, ba ta taɓa ganin ta tana neman abu ba. Baɗi ta zauna kusa da ke ku cike fom ɗin tare, ki bar ta ta rubuta abin da bakinki ba zai iya faɗa ba.

Bargunan mamatan wasu, ki riƙe ƙa'idarki sai dangi sun yarda. Na Cleophus naku ne. Ku juya bayansa ku ɗinka sunayenku biyu.

Ki wanke farantin nan ki kai mata ranar Asabar, da almakashinki a jaka. Kin ce kusurwoyinta ba sa haɗuwa. To in ba ki je ba, 'yan mata goma sha biyu za su tashi da karkataccen ɗinki, kuma na san ba za ki iya zama a gida da wannan ba.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya albarkaci hannuwanku duka.

Mama Vernice